Abin da Jariri Yake Sha Ban da Nono

Karatu: Luka 1:39-56, Farawa 21:14-19, Farawa 33:12-14

    

Maganarmu ta yau a kan mutum mafi ƙanƙanta a gida ce. Ba a kiransa taron iyali, ba a neman shawararsa, ko kalma ɗaya bai iya ba. Duk da haka babu abin da yake faruwa a gidan da ba ya isa gare shi. Ina nufin jariri. Mukan ce, "Ai yaro ne, bai san kome ba." Gaskiya ne bai san dalilin faɗa ba, bai san bashi ba, bai san tsadar taki ba. Amma ya san uwarsa. Idan hankalinta a kwance yake, yana ji a jikinsa. Idan hankalinta ya tashi, wannan ma yana ji. Bari mu ga yadda abin yake, mu kuma ga abin da Allah yake nema daga gare mu.

Tun yana ciki

A cikin Luka sura 1, Alisabatu tana da cikin wata shida sa'ad da Maryamu ta zo gidanta a ƙasar tuddai ta Yahudiya. Da Maryamu ta yi gaisuwa, sai jaririn da ke cikin Alisabatu ya motsa don murna. Wannan aikin Ruhu Mai Tsarki ne, gama jaririn nan Yahaya ne, wanda zai shirya wa Ubangiji hanya. Amma ku lura da hanyar da Allah ya bi. Gaisuwa ta shiga kunnen uwa, ɗa ya amsa daga ciki.

Likitoci sun tabbatar cewa daga wajen wata na shida ɗan da ke ciki yakan fara jin sauti. Yana jin bugun zuciyar uwarsa dare da rana, yana kuma jin muryarta. A shekara ta 1980 wasu masu bincike a Amurka suka gwada jarirai waɗanda ba su wuce kwana uku da haihuwa ba. Suka ba su wani abin tsotsa da aka haɗa da na'ura, yadda irin tsotson da jariri ya yi shi zai zaɓi muryar da zai ji, ko ta uwarsa ko ta wata mace. Yawancin jariran suka bi tsotson da yake kawo musu muryar uwarsu. Ashe sun zo duniya da sanin ta.

Tsoro ma yana da hanyarsa. Idan mutum ya firgita ko ya shiga damuwa, wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da suke zaune a kan ƙoda sukan saki sinadarai cikin jini. Sunan ɗaya daga cikinsu kotisol. Su ne suke sa zuciya ta buga da sauri, barci ya gudu, jiki ya shirya gudu ko faɗa. Allah ne ya yi wannan domin kariyarmu, don in ka yi karo da maciji a kunyar doya ka iya tsalle. A jikin mace mai ciki kuwa, Allah ya ƙara wata hikima. Mabiyiya, wadda take ciyar da ɗa ta hanyar cibiya, tana aiki kamar rariya. Takan tare yawancin kotisol na uwa, kaɗan ne yake wucewa. Saboda haka ɓacin rai na yau da kullum, ko firgita ta rana ɗaya, ba abin da za su yi wa ɗan.

Matsala tana zuwa ne idan tsoron ya daɗe, mako bayan mako, wata bayan wata, babu hutu. A nan rariyar takan kasa tare duka. Bincike a ƙasashe da yawa ya nuna cewa matan da suka yi goyon ciki cikin doguwar damuwa sun fi fuskantar haihuwa kafin lokaci, ko haihuwar ɗa marar nauyi, ko ɗa mai yawan firgita da wuyar rarrashi. Ba kowace ba ce, amma hatsarin yana ƙaruwa.

Littafi Mai Tsarki ma ya san wannan. A 1 Sama'ila sura 4, matar Finehas tana da tsohon ciki. Aka kawo labari cewa Filistiyawa sun ƙwace akwatin alkawari, mijinta ya mutu a yaƙi, surukinta Eli kuma ya rasu. Nan take naƙuda ta kama ta. Ta haifi ɗa, matan da ke wurin suka yi ƙoƙarin ƙarfafa ta, amma ba ta kula ba. Ta sa masa suna Ikabod, ta mutu. Baƙin cikin rana ɗaya ya zama sunan yaro har ƙarshen ransa.

Mu a Jihar Neja wannan ba labarin dā ba ne kawai. Mun san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Shiroro da Munya da Rafi, har mutane suka bar gonakinsu suka gudu Kuta da Gwada da Minna. A nan ƙaramar hukumar Paikoro, ran 15 ga Janairu 2023, aka ƙone gidan Fada Isaac Achi a Kafin Koro, ya rasu a ciki. A irin waɗannan darare akwai matan da suka kwana a daji da ciki, akwai waɗanda suka toshe bakin jariri da nono don kada a ji kukansa. Idan irin wannan 'yar'uwa tana zaune a gidanku ko a ikilisiyarku, ku sani mutum biyu ne suka ga wannan wahala, mutum biyu ne kuma suke bukatar jiyya.

Bayan haihuwa: fuska, jiki da nono

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Babu wanda ya kai jariri bin wannan karin magana. Sabon haihuwa ba ya gani sosai sai abin da ke kusa, misalin taƙi ɗaya ko fiye kaɗan. Wannan kuwa shi ne nisan da ke tsakanin nono da fuskar uwa. Littafin farko da ɗan Adam yake karantawa ke nan.

A shekarun 1970 wani masani a Amurka mai suna Edward Tronick ya yi wani gwaji. Uwa za ta zauna tana wasa da jaririnta, yana dariya tana dariya. Sai a ce ta tsai da fuskarta na ɗan lokaci, misalin minti biyu, ba murmushi, ba magana. Nan da nan jaririn zai lura. Zai yi mata murmushi don ya jawo ta, zai miƙa hannu, zai yi ƙara. Idan ba ta amsa ba, zai juya fuska, jikinsa ya saki, ya fashe da kuka. Ba ta doke shi ba, ba ta tsawata masa ba, fuskarta kawai ta rufe.

Wani gwaji kuma, wanda aka buga sakamakonsa a 2014, an yi shi a birnin San Faransisko da mata 69 da 'ya'yansu masu kimanin shekara ɗaya. Aka kai yaran wani ɗaki suna wasa. Aka sa wasu daga cikin iyayen su yi jawabi a gaban alƙalai biyu. Wasu matan suka sami alƙalai masu fara'a, wasu kuwa suka sami masu ɓata rai da girgiza kai. Da aka mayar wa kowace ɗanta, sai aka ga cikin 'yan mintoci bugun zuciyar 'ya'yan matan da aka ɓata wa rai ya ƙaru, yana bin na iyayensu. Yaran nan ba su ga alƙalan ba, ba su ji abin da ya faru ba. Daga hannun uwa da muryarta da jikinta suka ɗauka.

Ɗan'uwana maigida, ka ji wannan da kyau. Wataƙila kana cewa, "Ni ba na faɗa a gaban yara, sai na ja ta bayan ɗaki." To, idan ta fito daga bayan ɗakin ta ɗauki jaririn, maganarka ta isa gare shi. Matanmu na Gbagyi an san su da ɗaukar kaya a kafaɗa, ga goyo a baya, daga gona zuwa gida, daga gida zuwa kasuwar Paiko ran Jumma'a. Yaron da ke bayan nan ƙirjinsa yana manne da uwarsa sa'o'i da yawa kowace rana. Yana jin numfashinta, yana jin saurin tafiyarta, ya san bambancin ranar da take waƙa da ranar da take haɗiye kuka.

Sai maganar nono. Akwai wani sinadari mai suna oksitosin, wanda ƙwaƙwalwar uwa take saki idan ɗa ya kama nono. Shi ne yake matse nono ya zubo. Tsoro da zafin ciwo da kunya sukan danne shi na ɗan lokaci. Sai ɗa ya yi ta tsotsa, abin da yake samu kaɗan ne, ya saki ya yi kuka. Kukan ya ƙara tayar wa uwa da hankali, nonon ya ƙara noƙewa. A nan ne wasu sukan ce nononta ya lalace, ko an yi mata baki, a ba yaron ruwa ko kunu. 'Yan'uwa, damuwa ba ta lalata nono, tana riƙe shi ne kawai. Ruwa da kunu ga ɗan wata biyu ƙofar zawo ce. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce nono zalla har wata shida. Maganin nonon da ya noƙe shi ne a zaunar da uwa a wuri mai inuwa, a ba ta abinci da ruwa, a yi mata magana mai daɗi, ta ci gaba da ba ɗan nono sau da yawa.

Abin kuma yana tafiya ta gefe biyu. Kukan jariri an halicce shi ne don ya tayar da mai jinsa, saboda haka yana ƙara bugun zuciyar uwa, yana hana ta barci. Yawancin jarirai kukansu yakan kai ƙarshen yawa wajen mako na shida, ya ragu a wata na uku ko na huɗu. Idan kuka ya kai ki maƙura, 'yar'uwata, kada ki jijjiga yaro da ƙarfi, gama wannan yana iya fasa jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwarsa. Ki kwantar da shi a wurin da ba zai faɗi ba, ki fita ki sha iska, ki kira wata ta karɓe ki. Amma in kukan ya zo da zazzaɓi, ko ƙin nono, ko numfashi sama-sama, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba.

Ga labari mai daɗi: hanyar da tsoro yake bi, ita ce salama ma take bi. A 1978, a wani asibiti a Bogota ta ƙasar Kolombiya, bakwaini sun yi yawa, kwalaben ɗumama su sun kasa. Sai likitoci suka fara ɗora jariri a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a ɗaure da zane. Ɗumin jikinsa ya daidaita, numfashinsa ya daidaita, nono ya zo. Yau ana koyar da wannan hanya a duniya duka, har da asibitocin Nijeriya. Ƙirjin uwa mai kwanciyar hankali magani ne.

Allah ya ji yaro, ya yi wa uwa magana

Yanzu mu koma Farawa sura 21. An kori Hajaratu da ɗanta Isma'ilu, suna yawo a jejin Biyer-sheba, ruwan salka ya ƙare. Ta ajiye yaron a ƙarƙashin wani ɗan itace, ta koma nesa don kada ta ga mutuwarsa, ta yi ta kuka. Nassi ya ce Allah ya ji muryar yaron. Amma da mala'ika ya yi kira daga sama, wa ya kira? Uwar ya kira da sunanta. Ya tambaye ta abin da yake damunta, ya kawar mata da tsoro, ya sa ta tashi ta kama yaron, sa'an nan Allah ya buɗe idonta ta ga rijiya. Da hannunta ta ɗebo ruwa ta shayar da ɗanta.

Wannan shi ne darasinmu na yau. Wanda yake so ya taimaki jariri, sai ya fara da uwar jaririn. Ruwa ba ya tsami banza. In ɗa yana yawan kuka, bayan an duba lafiyarsa, a tambayi uwarsa: Kin ci abinci? Kin yi barci? Me yake damunki?

Yakubu ma ya gane wannan. A Farawa sura 33, Isuwa ya ce su kama hanya tare. Yakubu ya roƙe shi ya yi gaba, domin yaran ba su da ƙarfi, dabbobin kuma suna shayarwa, in aka kore su da sauri ko na yini ɗaya za a yi hasara. Ya ce shi zai bi a hankali, gwargwadon tafiyar dabbobi da ta yara. Kowane mai kiwo ya san ba a gaggauta wa tunkiya mai shayarwa. Ya kamata mu yi wa matar da ta haifa mana ɗa abin da ya fi wannan.

Maigida, ka rage mata kaya. Ɗebo ruwa da faskaren itace da dakon doya ba za su rage maka girma ba. Ka bar ta ta sami barci ko da rana ne. Ka raka ta awon ciki. Maganar bashi da rikicin gona, ka zaɓi lokacin da za ka yi ta. Duka kuwa, zunubi ne a kowane lokaci, amma wanda ya ɗaga wa mai ciki ko mai goyo hannu ya doki mutum biyu. Ka tuna da Yusufu, wanda ya tashi da dare ya ɗauki yaron da uwarsa zuwa Masar don ya tsirar da su daga Hirudus. Bai raba kula da yaron da kula da uwar ba.

Mama, ke da kike uwar miji, kin riga kin bi wannan hanya. Maganarki tana da nauyi a kunnen matar ɗanki. In kika ce, "Mu a zamaninmu washegarin haihuwa muna gona," kin ƙara mata kaya. Ki zama kamar Na'omi, wadda ta karɓi ɗan Rut ta rungume shi ta yi renonsa. Maƙwabtanmu Hausawa suna ba mai jego kwana arba'in ana yi mata hidima, a Littafin Firistoci sura 12 ma an keɓe wa mace kwanaki bayan haihuwa. Jiki yana bukatar wannan lokaci, zuciya ma haka.

Ku Zumuntar Mata, Maryamu ta zauna da Alisabatu wajen wata uku, wato watannin ƙarshe masu nauyi. Ziyarar ranar suna da sabulu da zane tana da kyau, amma bayan an watse ne kaɗaici yake farawa. Ku raba kwanaki a tsakaninku. Wata ta kawo tuwo, wata ta yi wanki, wata ta riƙe yaron sa'a biyu uwar ta kwanta. Ku fi mai da hankali ga mai haihuwar fari, da gwauruwa, da wadda ta gudo daga ƙauyensu, da yarinyar da ta haihu ba aure, wadda kowa yake gudu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Idan abin ya zama ciwo

Mata da yawa sukan ji kuka yana zuwa musu ba dalili a kwana na uku zuwa na biyar bayan haihuwa. Wannan yakan wuce da kansa kafin mako biyu. Amma idan ya wuce mako biyu, mace ba ta jin daɗin kome, ba ta iya barci ko da yaron ya yi barci, abinci ba ya shiga, tana ganin kanta ba ta da amfani, ko ba ta jin ɗan a ranta, to wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 takan sami irin wannan matsala bayan haihuwa. Ku ƙidaya masu goyo a sujadar Lahadi, za ku ga abin ba nesa yake ba.

Wannan ba lalaci ba ne, ba maita ba ce, ba kuwa alamar rashin bangaskiya ba ce. Annabi Iliya kansa ya kai inda ya roƙi mutuwa a ƙarƙashin itace, Allah kuwa bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa har sau biyu, daga baya ya yi masa magana. Saboda haka fasto da dattawa su yi addu'a, su kuma ce a tafi asibiti. Kada a ɗora wa mai shayarwa dogon azumi. A gaya wa ma'aikaciyar jinya a wurin awo ko wurin rigakafi. Binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a Jihar Oyo ya nuna cewa ma'aikatan ƙananan asibitoci, in an horar da su, suna iya taimakon irin waɗannan mata, yawancinsu kuwa sun warke.

Akwai kuma wani iri mai tsanani, wanda yake kama mace 1 ko 2 cikin 1,000. Takan rikice, ta yi kwanaki ba barci, ta ji muryoyi, ko ta yi maganar kashe kanta ko ɗanta. Kada a ɗaure ta, kada a doke ta, kada a bar ta ita kaɗai da yaron. A kai ta babban asibiti a Minna a ranar nan. Ciwon yana da magani.

Kalma ga mai goyo

'Yar'uwata, kada maganar yau ta zama miki sabon kaya. Wataƙila kina cewa, "Na yi kuka da yawa da cikin nan, na cuci ɗana." A'a. Ki tuna da gwajin fuskar nan. Da uwar ta sāke fuska ta yi murmushi, cikin ɗan lokaci jaririn ya komo, wasa ya ci gaba. Tronick ya gano cewa ko a gidajen da ake zaman lafiya, uwa da jariri suna yawan saɓa wa juna a yini, suna kuma shiryawa. Wannan shiryawar ce take koya wa yaro cewa in abu ya ɓaci yana gyaruwa. Ƙwaƙwalwar yaro tana girma da sauri a shekarun farko, kulawar yau tana iya gyara abin da wahalar jiya ta taɓa. Ɗanki ba ya bukatar uwar da ba ta taɓa gajiya ba. Yana bukatar uwar da take komowa gare shi.

Ki yi masa waƙa da harshenku, ki kira sunansa, ki dube shi sa'ad da yake shan nono. Abin da ya fi ƙarfinki kuma ki faɗa wa Allah, ki faɗa wa wata amintacciya. A Ishaya 66:13 Ubangiji ya kwatanta ta'aziyyarsa da ta uwa ga ɗanta. Ke ma 'ya ce a hannunsa.

Bari mu yi addu'a.

Ya Uba na sama, kai da ka ji muryar yaro a jeji ka kuma kira uwarsa da sunanta, ka dubi masu ciki da masu goyo na ƙasarmu. Ka ba su barci mai daɗi da abinci da masu taimako. Ka ta'azantar da waɗanda suka gudu daga gidajensu, ka kawo salama a Jihar Neja. Ka ba mazaje zuciya mai taushi, ka ba surukai harshe mai warkarwa, ka sa ikilisiyarka ta zama inuwa. Bari 'ya'yanmu su sha salama tare da nono. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.

Domin tattaunawa a gida

1. Wane aiki ne mai ciki ko mai goyo take yi a gidanmu wanda wani zai iya karɓa daga wannan mako?
2. Wace mai jego ce a ikilisiyarmu ko unguwarmu da ba wanda ya ziyarta tun ranar suna?
3. In muka ga alamun ciwon damuwa ga wata 'yar'uwa, wa zai yi mata magana, wa kuma zai raka ta asibiti?

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.